Kwana Huɗun da Na Hana Dauda Ganin Mama

Duk wanda yake da tsohuwa mai ciwon suga a gida, don Allah ya ajiye abin da yake yi ya je ya duba ƙafarta, har tsakanin yatsu. Wannan shi ne gargaɗin farko, kuma shi ne mai sauƙin faɗa. Na biyun ya fi nauyi a bakina, amma tun da na zauna rubutun nan ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibi ba.

Sunana Rifkatu, ɗinki nake yi a unguwar Mokola, nan ƙasar Yarbawa. Mu Hausawa ne, Kiristoci tun daga kakanmu, asalinmu wani ƙauye a kudancin Kano. A Sabo, unguwar Hausawa da ke kusa da mu, in ka faɗi haka sai an sake kallonka sau biyu. Babanmu dako ya zo yi a kasuwar Bodija, a nan ya rasu ya bar Mama da mu biyu, ni da ƙanena Dauda. Da kaskon ƙosai ta rene mu a bakin layinmu, kuma ba wanda bai san Mama Saratu mai ƙosai ba a unguwar.

Dauda ya musulunta tun yana saurayi, a hannun maigidansa mai sayar da albasa a kasuwar Shasha. Ko suna bai canja ba. Mama ta yi kuka sati guda, ta share hawayenta, ta ci gaba da ware masa ƙosai mai zafi a kwano kowace safiya. Ni ce mai riƙe mata jaka zuwa sujada, ni ce mai wanke mata zanen zumuntar matan coci, ni ce ban je ko'ina ba. Amma ni 'yar fari ce, Mama kuwa mutuniyar da ce mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" nake. Shi kuma "Autana". Na san al'ada ce, kada wani ya zo ya koya min. Sanin al'ada bai hana abu yin ciwo ba.

Ciwon ya fara ne da ɗigon mai. Wata safiya man gyaɗa ya fantsalo daga kasko ya sauka a kan babban yatsan ƙafarta ta hagu. Ba ta ma ji ba, ni ce na ga wurin ya tashi da yamma. Ashe rashin jin ma alama ce, mu dai ba mu sani ba. A satin farko kowa likita ne. Maƙwabciyarmu ta ce zuma, wata ta ce man kaɗanya, Iya mai gidan da muke haya ta kawo agbo, ruwan saiwoyin nan na Yarbawa mai ɗacin tsiya. Duk don ƙauna suka yi, na gode musu, amma duk mun ɓata lokaci tare.

A sati na biyu yatsan ya yi baƙi, ɗaki ya fara wari, zazzaɓi ya shigo. Na ɗauke ta a keke mai ƙafa uku zuwa babban asibiti. Tun safe muke kan benci, a je a yanki kati, a je a ɗebi jini, a dawo an ce mai duba takardar ya fita. Sai bayan la'asar muka ga likita, wani matashi Bayarabe da ya taɓa zama a Arewa, Hausarsa tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Ya buɗe ƙyallen, ya kalle ni, ya ce, "Naman ya mutu, kuma mutuwar tana tafiya sama." Har yau ina jin maganar nan da muryarsa. A ranar aka ba ta gado.

Dokar ɗakin ita ce mai jinya ɗaya ga kowane gado, da katinta. Sauran 'yan dubiya sai ƙarfe huɗu zuwa shida. Katin a hannuna yake, wayar Mama a jakata. Ni ke juya ta, ni ke kwashe fitsari da kashi, ni ke zarya sayen magani, har keken ɗinkina ɗaya ya tafi a kan allurai. Ƙarfe huɗu na yi sai ga Dauda cikin farin yadi yana ƙanshin turare, da filas ɗin kunun gyaɗa da matarsa Hajara ta dama. Matar da tun safe nake lallashi ta buɗe baki ta ƙi, sai ta tashi zaune ta shanye kofi biyu a hannunsa, har da dariya. Matan sauran gadajen suna cewa Mama ta yi dace da ɗa. Ina tsaye riƙe da tsumma ina ji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Raina yana tafasa, ba zan ce ba ya yi ba.

Ba zan yi masa sharri ba, yana kawo abin da ya samu, kuma da yawa daga magungunan shi ya saya. Amma awa biyu ba ɗaya take da yini da kwana ba.

Ranar Lahadin satinmu na uku a asibiti wani mai wa'azi ya shigo ɗakin, irin masu zagayen asibitin nan, ba na cocinmu ba. Da Yarbanci yake yi, Mama kuwa tana ji sarai. Ya yi ta bayanin wutar da ba ta mutuwa, da waɗanda za su shige ta, yana nuna ƙasa da yatsa. Da ya fita Mama ta juya fuska bango. Can ta ce, "Ke, wutar nan da gaske ba ta mutuwa?"

Na ce haka aka koya mana.

Ta ce, "Ni da wuta mun fi shekara talatin muna zaune. Dubi hannuwana. Ɗigo ɗaya na mai ya kwantar da ni a nan. Shi kuma yaron nan dukansa za a saka, ba ranar fitowa? Kuma a ce wanda zai saka shi yana ƙaunarsa?"

Na ce, "Mama, shi ya zaɓa. Ba wanda ya kore shi."

Ta kalle ni wani irin kallo, ta ce, "Kin faɗe shi da sauƙi."

Daga ranar ta daina waƙoƙin sujadar da take yi ƙasa-ƙasa da safe. In na ce mu yi addu'a sai ta ce in yi, tana ji. Tana kwance da ruɓaɓɓiyar ƙafa amma ba ƙafar ce a ranta ba, Dauda ne. Ni da nake gabanta, wadda ba a tsoron wuta a kaina, ko tambayata na ci abinci ba ta yi.

A yammacin Lahadin nan na fita ɗebo ruwa, na dawo na tarar da Dauda ya sunkuya a kunnenta yana cewa, "Mama, kalma ɗaya ce. Ki faɗa kawai hankalina ya kwanta." Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ta balbale shi da faɗa. Ina! Shafa kansa ta yi ta ce, "Autana, bar ni da Yesuna." Ko haushi ba ta ji ba. Da ni ce na zo mata da magana makamanciyar wannan, da sai an shiga tsakaninmu. Na haɗiye, amma na ajiye abin a gefe, don na ga zai yi min amfani.

Washegari Litinin likita ya zo da takarda. Ya ce maganin bai riƙe ba, dole a yanke ƙafar a ƙasan gwiwa, kuma da wuri. Na miƙa hannu zan karɓi biro, sai Mama ta ce, "A'a. Namijin gida ne zai sa hannu. A jira Dauda."

Likita ya ce ita kanta za ta iya dangwala yatsa, ko ni in sa. Ta ce ba a yanke wa mace ƙafa ɗanta namiji yana gari bai ce uffan ba. Likita ya ce to, da yamma in ya zo a kira shi.

Haba jama'a. Shekara bakwai na ba Dauda, a bayana na goya shi. Sati uku ina kwana a tabarma a ƙarƙashin gadon nan, hannuna har ya saba da warin ƙafar. Duk wannan na isa in yi, amma sa hannu a takarda sai namijin gida, wanda jiya-jiya yake neman raba ta da addininta. Na ce a raina sai ta ba ni biron nan da hannunta.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan na je na tsaya a baranda. Da Dauda ya iso na tare shi na ce likita ya hana shiga wurinta saboda ƙwayoyin cuta, sai abin da hali ya yi. Ya ce, "Yaya, ko leƙawa?" Na ce ko leƙawa. Bai yi musu ba, bai taɓa yi min musu ba. Ya miƙo filas ya ce in gaishe ta. Na koma ciki na ce wa Mama ya bi motar albasa Arewa, tafiyar gaggawa, wayarsa ba ta shiga.

Na ce wa kaina addininta nake karewa. Ƙarya nake. Lissafina shi ne zuwa gobe zafi zai ishe ta, ta ce, "To ke, sa hannun." Sau ɗaya dai a rayuwa in zama ni ce aka jira.

Talata ba ta ce ba. Laraba ba ta ce ba. Likita yana zuwa yana duba inda baƙin ya kai, yana yi min faɗa in nemo ɗan'uwana, ina cewa ina ƙoƙari. Kullum ƙarfe huɗu Dauda yana baranda da filas, ni kuma in juye kunun a kofina in kai mata a matsayin nawa. Ranar Laraba ta kurɓa ta ce, "Kunun nan kamar na Hajara." Na ce hannu ne ya zo ɗaya. Ta ajiye kofin ta ce, "Fushi ya yi. Don na ƙi faɗar abin da ya ce ne ya tafi bai yi min sallama ba." Ta yi kuka mara sauti har filo ya jiƙe. Ina zaune ina kallo, kalma ɗaya ta isa ta share hawayen, na riƙe ta a baki. Abin kunyar shi ne har da wani ɗan sanyi na ji, wai yau ta ga wanda ya zauna da wanda ya tafi.

Ranar Alhamis Fasto Ishaya ya zo dubiya, dattijon da yake yi mana sujadar Hausa a Mokola, shi akan bar shi ya shiga ko lokacin dubiya bai yi ba. Zazzaɓi ya yi mata yawa amma hankalinta yana nan. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba ta jefa masa tambayar da ta yi min.

Ya fara da abin da muka saba ji, cewa Allah ba ya tilasta kowa, ƙaunar da aka yi dole ba ƙauna ba ce, kuma wanda ya juya baya da kansa ba za a ce an kore shi ba.

Mama ta ce, "Fasto, yara nawa suka yi rarrafe a gindin kaskona? In na ga yaro ya nufi mai, ba na tambayarsa ra'ayinsa. Fizgo shi nake, ya yi ta kukansa. Ni mai ƙosai na san wannan."

Na ɗauka Fasto zai kawo wata aya, sai ya ce, "Mama, ba zan ce miki babu hukunci ba, don da na yi miki ƙarya. Akwai mugunta a duniyar nan da in Allah bai tambaye ta ba, ba mai adalci ba ne. Amma wane zai shiga, wane ba zai shiga ba, ba a ba ni wannan aikin ba, ba a kuma ba wanda ya yi muku wa'azi ranar Lahadi ba. Ni tambaya ɗaya zan yi miki. Son da kike yi wa Dauda, a wace kasuwa kika saye shi?"

Ta ce, "Allah ne ya sa min."

Ya ce, "To mai gishiri ya zuba miki kaɗan a tafin hannu, kina tsoron naki ya fi na buhunsa? Ban san yadda zai yi da Dauda ba. Na dai san ba ki fi shi son yaron ba."

Mama ta rufe ido. Can ta ce, "Bai ishe ni ba, Fasto. Amma zan riƙe."

Na raka shi baranda. Ya tambaye ni yaushe Dauda zai dawo daga Arewar da Mama ta ce masa ya tafi, don ya ga ƙafar kuma ya ji warin. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗa masa komai, har da abin da ban taɓa faɗa wa kaina ba. Na ce ni maganar wuta ba ta taɓa damuna ba. Tun ranar da Dauda ya bar coci nake da wani ɓoyayyen daɗi, cewa a can dai za a raba, a can Mama ba ta da kowa sai ni. Mama tana neman yadda Allah mai ƙauna zai kai mutum wuta, ni kuwa 'yarta na daɗe da sa ƙanena a ciki, ina jiran ranar.

Bai yi min wa'azi ba. Ya duba agogonsa ya ce, "Huɗu ta kusa. Ke za ki faɗa masa ko ni?"

Ni na faɗa masa, a nan barandar, filas yana hannunsa. Na jira ya zage ni ko ya ɗaga hannu. Ya tsaya yana kallona, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya, tun Litinin?" Na ce tun Litinin. Ya wuce ni ya shiga.

Mama na ganinsa ta yunƙura za ta tashi. Ta ce, "Autana, ka tafi ba sallama." Na jingina da bango ina jiran asirina ya tonu. Sai na ji ya ce, "Ki yafe min, Mama. Motar ce ta lalace mana a hanya, wurin kuma ba sabis." Ya durƙusa ya sa kansa a gefen gadon. Ta ce ta ɗauka fushi ya yi. Ya ce, "Wane ni. Tsoro ne ya sa na yi miki maganar nan. Mu ma a wurinmu ana faɗar wuta, in na tuna ke abinci ba ya wuce min." Ta ce, "Ashe mu biyu ne." Suka yi ta kuka suna dariya, kowa yana tsoron wuta a kan ɗan'uwansa. Ina tsaye da kofi a hannu, ko a tsoron ma ba ni da rabo.

Ya sa hannu a ranar, aka yi aikin washegari. Sai dai ba a ƙasan gwiwa aka yanke ba, a sama ne, don mutuwar ta riga ta hau. Kwana biyu ta yi kamar za ta tashi, har ta nemi tuwo. Daga nan zazzaɓin ya dawo, fitsari ya ragu, jiki ya kumbura. Likita ya ce dafin ya shiga jini. Na bi shi har ofis na tambaye shi ko jinkirin ne. Ya ce, "Ba zan ce kwana huɗun ne ba. Ba zan kuma ce ba su ba ne." Na gode masa da bai yi min ƙarya ba, shi da wata nas mai ƙiba da take ce wa Mama "pele", wato sannu, tana gyara mata filo kamar uwarta.

A satin ƙarshe Mama ta koma waƙoƙinta, murya ba ƙarfi. Ta ce min ta gama rigima da Allah, ta gaya masa tana da biyu, shi ya ba ta, ya san yadda zai yi. Ta cika wata Asabar da hantsi. Ba lokacin dubiya ba ne, amma nas ta bar Dauda ya shigo. Ni ce a wajen kanta ina goge mata goshi, hannunsa ne a cikin nata.

Mutanen Sabo sun yi mana kara. Waɗanda suka ci ƙosanta tun suna yara sun cika layi, Hajara ta yi kwana uku tana girkin baƙi. Dauda bai shiga coci ba, ya tsaya a waje har aka gama, a maƙabarta kuma shi ya fara zuba ƙasa.

To ga gargaɗin na biyu. Mai jinya ma mara lafiya ce, sai dai ba wanda yake auna ta. In kuna da 'yar'uwa da ta yi sati uku a gindin gado, ku karɓe ta ko na yini ɗaya, ku tambaye ta abin da yake cin ta. Ke kuma mai jinya, in kin ji ranki ya fara ƙirga wanda aka yi wa murmushi da wanda ba a yi wa ba, ki miƙa katin ga wani kafin ki yi abin da ba ya gyaruwa.

Dauda bai taɓa tayar min da maganar ba, ko Hajara bai faɗa wa ba. Shirun ya fi zagi ciwo. Bayan wata biyu na kasa jurewa, na bi shi har rumfarsa a Shasha, na same shi yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga buhu. Na ce, "Me ya sa ka ce mota ce ta lalace?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, tana tsoron wuta a kan mutum ɗaya ta kasa cin abinci. Ban so ta tafi tana tsoro a kan biyu ba."

Ya tura min benci da ƙafa ya ce in zauna, za a kawo shayi. Na zauna. Kuma Allah ya gani, abin da ya fara zuwa raina ba godiya ba ce. Cewa na yi, ko a nan ma ya fi ni.